Yadda Ake Gane Inda Za A Sa "A", "An" da "The" a Turanci

Na daɗe ina koyar da darasin yamma ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare a nan birnin Kano, masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Duk shekara, ranar da na karɓi insha'in farko na zauna da jan biro, kalmomi uku ne ke cinye min tawada: "a", "an" da "the", waɗanda ake kira atikul. Yaro zai haddace doguwar kalma ya rubuta ta ba kuskure, sannan a layi na gaba ya rubuta "My father is trader in Kantin Kwari". Abin yana damuna, don na san ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Hausa tana barin suna ya tsaya shi kaɗai. Muna cewa "Babana ɗan kasuwa ne", magana ta cika. Turanci kuwa ba ya yarda sunan abu guda wanda ake iya ƙirgawa ya fito tsirara, sai an sa masa wani abu a gaba. Ga hanyar da nake bi da ɗalibaina, daki-daki.

Kayan aiki

Ka tanadi littafin rubutu na wannan aiki kaɗai, da biro biyu, shuɗi da ja. Sai ƙamus na masu koyon Turanci, irin na Oxford ko Longman, domin su ne ke sa harafin C a gaban sunan da ake ƙirgawa, da U a gaban wanda ba a ƙirgawa. Ɗan ƙaramin ƙamus na aljihu sau da yawa ba ya nuna wannan, saboda haka ka buɗe ka duba kafin ka biya kuɗi. Ana samu a shagunan littattafai na Sabon Gari, kuma na hannu ma yana biyan buƙata. In babu hali, waɗannan ƙamusai suna nan kyauta a intanet, wayarka ta isa.

Sannan kana buƙatar ingantaccen rubutu da za ka riƙa gwada kanka da shi. Labaran auna fahimta na tsofaffin takardun WAEC sun fi komai. Tsohuwar jarida ma ta yi, amma kada ka koyi atikul daga kanun labarai, don da gangan ake cire su a can saboda ƙarancin fili. Za ka ga "Governor visits market", alhali a cikakkiyar jimla "The governor visited the market" za a ce. Rubutun Facebook da WhatsApp kuwa ka bar shi inda ka gan shi.

Mataki na 1: Nemo sunan, ka duba ko an riga an zauna masa a gaba

Atikul na suna ne, ko da siffa biyu ko uku sun shiga tsakani, kamar "a big old house". Don haka aikin farko shi ne ka ja layi ƙarƙashin kowane suna a jimlarka. Bayan nan ka duba gabansa. Kujera ɗaya ce a wurin. In ka tarar da "my", "your", "his", "our", "this", "that", "some", "any", "each", "every", "no", ko sunan mai abin kamar "Musa's", an cika wurin, atikul ba shi da masauki. "The my brother" kuskure ne, haka ma "the Musa's shop". Wannan na biyun daga "shagon Musa" yake tasowa: ɗalibi ya ji "-n" a ƙarshen shago sai ya ɗauka dole a sa "the". Wannan "-n" ɗin mallaka yake nunawa, kuma "Musa's shop" ya gama ɗauke shi.

Mataki na 2: Ana ƙirga abin, ko ba a ƙirgawa?

Asalin "a" da "an" tsohuwar kalmar Turanci ce mai nufin "ɗaya". In ka riƙe wannan, ka huta da rabin wahala. Abin da ba za ka ce masa ɗaya ba, ba zai karɓi "a" ko "an" ba. Ba a sa su gaban jam'i, ba a sa su gaban ruwa, gishiri, shinkafa, fetur.

Ruwa da shinkafa ba sa ba kowa wahala. Inda tarkon yake shi ne abubuwan da mu muke ƙirgawa a Hausa amma Bature ba ya ƙirgawa. Muna da shawara da shawarwari, shi kuwa "advice" kawai yake da shi, babu "an advice", babu "advices". Muna da labari da labarai, amma "news" da "information" ba sa karɓar "a" ko "an". Haka "furniture", "luggage", "equipment", "homework", "bread", "soap", "chalk", "money", "permission". Za ka ji manyan mutane a ofis da rediyo suna cewa "equipments" ko "an information", har kunnenka ya saba. Mai duba takardarka ba zai karɓa ba.

In kana son nuna guda ɗaya daga irin waɗannan, sai ka ari ma'auni, kamar yadda ba ka zuwa Dawanau ka ce a ba ka gero ɗaya, sai dai kwano ko buhu. Ka ce "a bag of millet", "a loaf of bread", "a bar of soap", "a piece of advice", "a piece of chalk". Atikul ɗin na ma'aunin ne.

Akwai kuma masu fuska biyu. "Paper" takarda ce a matsayin kaya, "a paper" jarida ce ko takardar jarrabawa. "Chicken" naman kaza ne a faranti, "a chicken" kaza ce mai yawo a tsakar gida. "Glass" gilashi ne, "a glass" kofin gilashi. "Work" ba a ƙirga shi in aiki ake nufi, amma "job" ana ƙirgawa, shi ya sa ake cewa "I am looking for work" ko "I am looking for a job", ba a cewa "a work". A nan ne C da U na ƙamus ke aiki. Ka ware shafi biyu a ƙarshen littafinka, duk sunan da ya yaudare ka sau ɗaya ka rubuta shi a can da jimla guda ta kanka. In kana cikin jarrabawa babu ƙamus, kuma kana zargin kalmar ba a ƙirga ta, sa mata "some": "some advice", "some information".

Mataki na 3: Mai sauraro ya san wanne kake nufi?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma a nan Hausa take taimakonka fiye da yadda kake zato. Saurari yadda kake ba da labari: "Na tari wata adaidaita sahu a Ƙofar Nassarawa. Direban ya ce ba ya zuwa Kabuga. Da ƙyar ya yarda. Muna kaiwa wani gidan mai sai adaidaitar ta mutu." Da farko ka ce "wata", don mai sauraro bai san ta ba. Da ka sake ambatonta sai ka ce "adaidaitar". Wannan "-r" da ɗan'uwanta "-n", waɗanda malaman nahawun Hausa ke kira madanganci, su ne makusantan "the". "Wani" da "wata" kuma su ne makusantan "a" da "an". Da Turanci labarin zai zama: "I stopped a tricycle at Kofar Nassarawa. The driver said he was not going to Kabuga. When we got to a filling station, the tricycle broke down."

Lura da direba. Ba a ambace shi a baya ba, amma ya zo da "the" tun karon farko, kamar yadda ka ce "direban". Dalili shi ne duk wanda ya ji adaidaita ya san tana da direba guda. Haka in ka ambaci gida, ƙofarsa da rufinsa sun zama sanannu. In ka ambaci biki, amarya da ango sun zama "the bride" da "the groom".

Saboda haka idan ka rikice, mayar da jimlar Hausa a zuciyarka. Ka ji "wani" ko "wata" sun zauna daidai? Sa "a" ko "an". Ka ji "wasu"? Sa "some", ko ka bar jam'in haka. Ka ji "-n", "-r" ko "ɗin"? Sa "the".

Sai dai wannan awo yana da iyaka, kuma a iyakar ne ɗalibai suka fi zubewa. Sau da yawa Hausa ba ta sa komai, ko da abin sananne ne. Uwa tana cewa "Rufe ƙofa", ba ta cewa ƙofar, don ƙofa ɗaya ce a ɗakin. Turanci dole ya ce "Shut the door". Muna cewa "Rana ta faɗi", "Sarki ya fito", "Liman ya iso", su kuwa sai "The sun has set", "The Emir has come out", "The imam has arrived". A gefe guda kuma muna cewa "Ya sayi mota", nan ma babu komai, amma Turancinsa "He bought a car". Ka ga suna tsirara a Hausa yana iya zama "a", yana iya zama "the". Idan Hausa ta yi shiru, sai ka tambayi kanka da kanka: in na faɗi wannan, mai sauraro zai ce min "wanne?" In zai tambaya, "a" ne. In ba zai tambaya ba, don ya riga ya sani, "the" ne.

Abubuwan da ke hana shi tambaya ba su da yawa. Ko an ambaci abin a baya. Ko yana gabanku kuna gani. Ko guda ɗaya ne tak, kamar "the moon", "the sky", "the Qur'an", "the Emir of Kano". Ko bayanin da ya biyo baya ya ware shi daga sauran, kamar "the man who sells tea at our junction". Ko kuma kalmar da ke tare da shi ba ta barin na biyu: "the best", "the tallest", "the first", "the last", "the same", "the only". Ba a cewa "She is best student in our class", sai "the best student".

Sana'a tana buƙatar jan kunne na musamman, don ita ce kuskuren da na fi gani. "Ita nas ce" ya zama "She is a nurse". "Yayana injiniya ne" ya zama "My brother is an engineer". "Ina son in zama likita" ya zama "I want to be a doctor". Kowace wasiƙar neman aiki da kowane insha'i kan burin rayuwa suna ɗauke da irin wannan jimla, don haka ka maimaita ta har bakinka ya ƙi faɗinta ba atikul.

Mataki na 4: Zaɓi tsakanin "a" da "an" da kunne

A firamare an ce mana "an" na zuwa gaban a, e, i, o, u. Wannan rabin gaskiya ce. Sauti ake bi, ba harafi ba. Furta kalmar da ke biye da ƙarfi. In bakinka ya fara da wasali, "an". In ya fara da baƙi, "a".

"University", "uniform", "union", "European" duk da sautin "yu" suke farawa, kamar farkon sunan Yusuf, saboda haka "a university", "a uniform". "One" da sautin "wa" yake farawa, shi ya sa "a one-way road". "Hour", "honest", "honour", "heir" kuwa ba a furta "h" ɗinsu, sai "an hour", "an honest trader". Amma a "house", "hospital", "hotel" ana furta ta, don haka "a hospital".

Taƙaitattun sunaye ma da kunne ake yi musu hukunci. NCE ana karanta shi harafi-harafi, "en-si-i", ya fara da wasali: "an NCE holder". Haka "an SSCE result", "an ATM card", "an ABU graduate". NECO kuwa kalma guda ake furta shi, "neko": "a NECO candidate". Haka "a WAEC result", "a JAMB form", "a BUK student". Lambobi ma haka: "an 18-year-old boy", amma "a 17-year-old boy". Kuma kalmar da ke daf da atikul ce ke da iko, ba sunan ba: "an egg" amma "a boiled egg", "a man" amma "an old man".

Mataki na 5: Idan magana ta gama-gari ce, bar wurin fili

Insha'i nawa na karanta da suka fara da "The education is important"! Ɗalibi yana ganin kalma mai nauyi kamar ilimi ta cancanci a yi mata rakiya. In kana magana kan abu gaba ɗayansa, jam'i ne ko wanda ba a ƙirgawa, ba a sa komai: "Education is important", "Children need love", "Goats eat almost anything". "The" yana dawowa ne kawai in ka ware wani kaso. Kwatanta "Ruwa yana wahala a unguwarmu" da "Ruwan rijiyar nan yana da zartsi". Na farko "Water is scarce in our area", na biyu "The water in this well is salty".

Banda guda da ya kamata ka sani: siffa tana iya ɗaukar "the" ta zama sunan jama'a. "The poor" talakawa ne, "the rich" masu kuɗi, "the blind" makafi, kuma aikatau na jam'i suke ɗauka: "The poor are suffering". Ba a ƙara musu "s".

Mataki na 6: Sunayen wurare da mutane

Wannan sashen hadda ne, kuma hadda ba baƙuwarmu ba ce. Sunayen mutane, garuruwa, unguwanni, tituna, jihohi, yawancin ƙasashe, ranaku, watanni, harsuna da darussan makaranta ba sa ɗaukar atikul: Kano, Fagge, Zoo Road, Kurmi Market, Dala Hill, Lake Chad, Jigawa State, Saudi Arabia, Friday, Ramadan, Hausa, Mathematics.

Koguna, tekuna da hamada suna ɗaukar "the": "the Sahara", "the Atlantic", "the Red Sea", "the River Niger". Mu da ke maƙwabtaka da Nijar ya kamata mu kula da wannan sosai. "He travelled to Niger" ƙasar ya tafi, "He crossed the Niger" kogin ya haye. Haka "Benue" jiha, "the Benue" kogi. Ƙasashen da sunansu ke ɗauke da ma'anar tarayya ko jam'i su ma suna ɗauka: "the United States", "the United Kingdom", "the United Arab Emirates", "the Netherlands". Gambiya ma tana ɗauka, "the Gambia".

Ga wata alama mai sauƙin kamawa. In sunan hukuma ko makaranta yana da "of" a tsakiya, yawanci "the" na gabansa: "the University of Ibadan", "the Central Bank of Nigeria", "the Ministry of Education". In da sunan mutum ya fara, babu: "Bayero University", "Ahmadu Bello University". Muƙami shi kaɗai yana ɗauka, "the Governor", "the President", amma da zarar an liƙa masa sunan mai shi sai ya ajiye: "President Shehu Shagari", "General Murtala Mohammed". Taƙaitattun sunayen hukumomi da ake karantawa harafi-harafi galibi suna ɗauka, "the BBC", "the UN", "the EFCC", waɗanda ake furtawa kamar kalma kuma ba sa ɗauka, WAEC, JAMB, UNICEF. Na jami'o'i irin BUK da ABU ba sa ɗauka: "She studies at BUK".

Mataki na 7: Maganganun da suka daskare

Wasu wurare suna ajiye atikul idan an je su don ainihin aikinsu. "Aisha has gone to school" karatu ta tafi. "Her mother has gone to the school" ginin ta je, wataƙila ganin shugaban makaranta. Haka "in prison", "in bed", kuma a Turancin Ingila, wanda jarrabawarmu ta fi bi, "in hospital" ga wanda aka kwantar. Sai "at home", "by bus", "by air", "on foot", "have lunch". Ana cewa "in the morning", "in the evening", amma "at night". A farashi da maimaici "a" na nufin kowane: "500 naira a plate", "three times a day".

"A few" da "few" ba ɗaya ba ne. "I have a few friends" ina da 'yan abokai, alhamdu lillahi. "I have few friends" kusan ba ni da kowa. Haka "a little" da "little" ga abin da ba a ƙirgawa. Masu tsara tambayoyin zaɓi suna son wannan wuri, ka kula da shi.

Mataki na 8: Gwaji na kullum da duba aikinka

Sanin ƙa'ida ba ya zama jiki sai da maimaici. Kowace rana, bayan Magariba ko duk lokacin da gida ya yi shiru, ka zaɓi sakin layi guda daga takardar WAEC ko jarida, ka kwafe shi da shuɗin biro, ka cire duk atikul ɗin ba tare da barin gibi ba. In ka bar gibi ka ba kanka amsa, don gane cewa akwai abin da ya ɓata shi ne ainihin aikin. Ajiye shi sai gobe. Washegari ka mayar da atikul inda kake ganin sun dace, ka kwatanta da na asali, ka yi wa kurakuranka alama da ja, kuma kusa da kowanne ka rubuta lambar matakin da ka taka. Bayan mako biyu za ka ga lamba ɗaya ko biyu ne ke yawan dawowa. Nan ne ciwonka, nan za ka zuba ƙarfi. In kuna biyu, kowa ya kwafa wa ɗan'uwansa, sai ku yi musanya nan take.

A ɗakin jarrabawa, insha'in WAEC kalmomi 450 ne zuwa sama, kuma akwai makin da aka ware don tsabtar nahawu da rubutu, wanda ke zaizayewa da kowane kuskure. Ka rage minti biyar a ƙarshe. Fara daga jimlar ƙarshe ka yo sama, don in ka karanta daga farko labarin zai ja ka, idonka ya cike gibin da hannunka ya bari. Ɗora bakin biro kan kowane suna tilo, ka duba ko yana da wani abu a gaba. In ka kasa yanke hukunci kuma lokaci na tafiya, sauya ginin: mayar da shi jam'i in magana ta gama-gari ce, ko ka sa "my", "this" ko "our" in ma'ana ta yarda.

Ga na farko da za ka fara da shi yau. Kwafe wannan ka gyara kafin ka karanta abin da ke biye: "My uncle is honest trader. He has shop in Kurmi Market. Shop is near mosque where he prays. Last week he gave me an advice about the life."

Suna shida ne ke da matsala. "Trader" sana'a ce, kuma "honest" da wasali yake farawa, sai "an honest trader". Shagon sabo ne ga mai karatu, "a shop". Kurmi Market suna ne, a bar shi. A jimla ta uku an riga an san shagon, "The shop", masallacin kuma bayanin da ya biyo shi ya ware shi, "the mosque where he prays". "Advice" ba a ƙirga shi, sai "some advice" ko "a piece of advice". Rayuwa kuwa gaba ɗayanta ake nufi, don haka "about life". Rubuta lambobin matakan da ka kuskure a gefen shafi, sannan ka kwafe sakin layin gobe.